Idan jikin yaro ya ƙi gyaɗa: yadda borin jini ke sauya girkin gida

Da wuya rana ta fito ta faɗi a gidan Bahaushe ba a ci wani abu da gyaɗa ta shiga cikinsa ba. Idan ba a dama kununta da safe ba, to da manta aka soya ƙosai. Idan ba a sa ta a miyar taushe ba, to akwai garin ƙuli-ƙuli a cikin yajin da aka barbaɗa wa ɗanwake ko tsire.

Ga akasarin jama'a wannan alheri ne, domin gyaɗa na daga cikin abinci mafi araha da ke gina jiki. To amma akwai wasu yara ƙalilan waɗanda ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa guda ba ya isa ya kumbura musu fuska, ya sarƙe musu numfashi cikin 'yan mintoci.

Likitoci na kiran wannan matsala alaji na abinci. A Hausa an fi saninta da borin jini, saboda yadda jikin mai ita kan yi rudu-rudu da ƙaiƙayi. Ban da gyaɗa, abincin da suka fi haddasa ta su ne madara, ƙwai, kifi, jatan lande da danginsa, alkama, waken suya, riɗi, da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su ƙwallon yazawa.

Duk gidan da aka samu yaro mai irin wannan lalura, nan da nan ake gane cewa hana shi cin abu guda shi ne ɓangare mafi sauƙi. Babban aikin yana wajen turmi, da man suya, da injin markaɗe, da kwanon da ake haɗa hannu a ciki, da kuma duk wanda ke da ikon miƙa wa yaron loma.

Yadda abin ke faruwa a jiki

Aikin garkuwar jiki shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin mai borin jini, garkuwar tana yin kuskure, sai ta ɗauki furotin ɗin da ke cikin wani abinci a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa wasu makaman kariya da masana ke kira IgE.

Waɗannan makamai kan liƙe a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke jibge a fata, da hanci, da huhu, da hanji, su zauna jiran ko-ta-kwana. Duk ranar da abincin ya sake shigowa, sai ƙwayoyin su amayar da sinadarai irin su histamin. Su ne ke buɗe hanyoyin jini, su kumbura nama, su matse hanyar iska.

Alamomin kan bayyana ne daga 'yan mintoci zuwa sa'o'i biyu bayan cin abincin: ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, ciwon ciki. Mataki mafi haɗari shi ne wanda ake kira anafilaksis, inda maƙogwaro ke kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa yin ƙara, ko kuma jini ya yi ƙasa har yaro ya yi laushi ya suma.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ne ya ƙirƙiro kalmar alaji a 1906, amma sai a ƙarshen shekarun 1960 ne aka gano IgE, aka fahimci ainihin abin da ke faruwa.

Ya kamata a bambanta wannan da wata matsalar da ta fi ta yawa nesa ba kusa ba, wato kasa narkar da sukarin da ke cikin madara. Mai wannan matsala idan ya sha madara cikinsa kan kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa, amma ba ruwan garkuwar jiki a ciki, kuma ba ta kisa. Binciken da aka yi a Najeriya tun farkon shekarun 1970 ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya na narkar da sukarin madara har girmansu, yayin da abin ya yi ƙaranci ainun a tsakanin ƙabilun kudancin ƙasar. Mai irin wannan matsala sau da yawa yakan sha kindirmo ya zauna lafiya, saboda tsamin da nonon ya yi ya rage sukarin. Amma yaron da ke da borin jini na madara, kindirmo da nono da man shanu da cuku duk ɗaya ne a wurinsa, domin furotin ɗin yana nan daram.

Yawanta a Turai da Afirka

A Amurka ana ƙiyasta cewa kimanin yaro guda cikin kowane 13 na fama da borin jini na abinci. A Afirka alƙaluman da ake da su sun yi ƙasa da haka sosai, sai dai suna nuna wani abu da ya kamata mazauna birane su lura da shi.

Wani bincike da aka wallafa a 2019 a Afirka ta Kudu, wanda aka yi kan yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku, ya gano cewa kashi 2.5 cikin ɗari na yaran birnin Cape Town na da matsalar, yayin da a yankunan karkara na gabashin ƙasar adadin ya tsaya a kashi 0.5. Wato dai yaron birni ya ninka na ƙauye sau biyar. Masana na alaƙanta wannan bambanci da sauye-sauyen rayuwa: irin abincin da ake ci, da ƙarancin cuɗanya da dabbobi da ƙasa, da yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta tun ana jarirai.

Wani binciken kuma da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta a Ghana ya zo da abin mamaki. Gwajin jini ya nuna kashi 17.5 cikin ɗari na yaran suna ɗauke da IgE mai kama gyaɗa, amma kashi 1.5 kacal ne suka ce gyaɗar na yi musu wata illa. Masu binciken sun danganta abin da cutar tsargiya, domin makaman da jiki ke ƙerawa don yaƙar tsutsar kan kama wani ɓangare na gyaɗa a ɗakin gwaji ba tare da sun haifar da wata cuta ba.

Darasin da ke cikin wannan a bayyane yake ga yankunan da tsargiya ta yi yawa, ciki har da garuruwan da ke bakin madatsun ruwa a arewacin Najeriya da Nijar: takardar gwajin jini ita kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da gyaɗa. Abin da likita ke fara tambaya shi ne labarin abin da ya faru. Me yaron ya ci, minti nawa aka yi kafin alamu su fito, kuma ko abin ya taɓa maimaituwa.

Inda gyaɗa ke ɓuya

Uwar da likita ya tabbatar mata cewa ɗanta ba ya jituwa da gyaɗa, abu na farko da za ta ci karo da shi shi ne mai.

A bakin mutane da dama, duk wani farin man girki sunansa man gyaɗa, ko da kuwa daga kwakwar manja ko waken suya aka tace shi. Na ainihi, wanda mata ke matsewa a gida bayan sun soya gyaɗa sun markaɗa, shi ne ake kira man ƙuli, kuma shi ne masu girki suka fi so saboda ƙamshinsa. Ga yaro mai borin jini kuwa shi ne mafi haɗari.

Wani gwaji da aka yi a Ingila a 1997 kan mutum 60 masu wannan lalura ya nuna cewa babu ko ɗayansu da man gyaɗa tatacce na masana'anta ya yi wa illa, amma shida daga cikinsu sun nuna alamu da aka ba su wanda ba a tace ba. Dalili shi ne tacewar masana'anta na cire kusan dukkan furotin, man ƙuli kuwa da furotin ɗinsa yake zuwa. Matsalar ita ce man da ake aunawa a kwalba a kasuwa ba shi da takarda, kuma mai sayarwa ma ba lalle ne ya san ko an gauraya shi ba. Don haka abin da ya fi aminci shi ne manja, ko man da ke cikin galan rufaffe mai rubutun abin da aka yi shi da shi.

Sai kuma yaji. Yajin tsire, da yajin da ake ci da ɗanwake ko gurasa, kusan duk da ƙuli-ƙuli ake daka su. Kilishi a cikin kwaɓin tunkuza ake tsoma shi. Kwaɗon zogale da na rama ba sa yiwuwa sai da ƙuli. Dakuwa, wadda mutane ke ɗauka aya ce zalla, da gyaɗa ake haɗa ta. Garin kunun yara da ake sayarwa a leda, wanda ake kira tom buron, galibi yana ɗauke da gyaɗa da waken suya gaba ɗaya. Suya ba ta kashe furotin ɗin gyaɗa, hasali ma bincike ya nuna soyayyiyar ta fi dafaffiya tayar da garkuwar jiki, ko da yake dafaffiyar ma ba ta da aminci ga mai lalurar.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Injin markaɗen unguwa da ya gama niƙa wa mai ƙuli gyaɗarta, shi ne zai karɓi waken ƙosai ko kayan miyar gidan da ke biye a layi, kuma ɗauraya ɗaya da ruwa ba ta fitar da maiƙon da ya maƙale a ciki. Turmin da aka daka ƙuli jiya, icensa ya riga ya sha mai. Kaskon mai suya a bakin titi, a mai guda ake soya ƙosai da awara da dankali. Muciya ko ludayin da aka juya miyar gyaɗa aka kuma tsoma a ta kuka ya isa ya kai abin inda ba a so.

Saboda haka ne masana abinci ke ba da shawarar ware wa yaron kayan aikinsa: ƙaramin turmi, tukunya, ludayi, da kwano mai murfi da kowa a gidan ya san nasa ne. Idan za a yi miya iri biyu, a fara da tasa, a rufe, a ajiye a sama, sannan a ɗora ta sauran jama'a. Inda hali ya yi, ƙaramin injin markaɗe na gida yana raba uwa da fargabar injin unguwa.

Wanke hannu ma akwai yadda ake yinsa. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2004 ya gano cewa sabulu da ruwa na fitar da furotin ɗin gyaɗa daga hannu, amma ruwa zalla ko man tsaftace hannu mai sinadarin barasa na barin saura. Ke nan kwanon ruwan da ake zagayawa da shi kowa ya tsoma hannu kafin cin tuwo bai wadatar ba.

Abin ya fi tsanani a gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli ce ke riƙe da uwa. Taɓa gyaɗa da fata yawanci ja da ƙaiƙayi kawai yake jawowa a wurin da ta taɓa, kuma ƙamshinta kaɗai ba kasafai yake tayar da babbar matsala ba. Amma yaro mai rarrafe duk abin da ya taɓa baki yake kai wa. A irin wannan gida tilas ne a raba wurin sana'a da wurin wasan yaro, a kuma sauya tufafin aiki kafin a ɗauke shi.

Abin da ba sai an hana ba

Kuskuren da tsoro ke jefa iyaye ciki shi ne soke abinci barkatai. Gyaɗa dangin wake ce, amma mafi yawan yaran da ba sa jituwa da ita suna cin wake da gurjiya lafiya lau, don haka ƙosai da alale da aka yi da mai mai aminci ba su da laifi. Aya saiwa ce, ba ta da dangantaka da gyaɗa. Agushi kuma na iya maye gurbinta wajen kaurara miyar taushe ko ta zogale. Ana iya daka yaji a gida da barkono, citta, kanumfari da masoro, a sa soyayyen garin gero ko masara a madadin ƙuli. Riɗi ne kawai ake son a bi a hankali kafin a mai da shi madadi, domin shi ma yana cikin jerin masu tayar da borin jini.

A wani ɓangaren girkin Hausa ya fi na Turawa sauƙi. Yaron da alkama ta hana sakat zai rasa burodi, taliya, gurasa, funkaso da alkaki, amma tuwon dawa, na masara da na shinkafa duk nasa ne, haka ma waina da sinasir, muddin ba a ƙara musu fulawa ba kamar yadda wasu masu sayarwa ke yi. Wanda ƙwai ke damu kuwa, akasarin abincin gargajiya ba ruwansu da ƙwai. Wurin lura shi ne kek, da cincin, da sauran kayan fulawa na biki.

Madara ce mai wuyar sha'ani, musamman ga ƙananan yara. Komawa ga nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ne, domin furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, kuma mafi yawan yaran da suka ƙi ɗaya sukan ƙi ɗayan. Nonon uwa shi ne ginshiƙi, shi ya sa likitoci ke ƙarfafa ci gaba da shayarwa. Madarar gwangwani ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta tana da tsada ainun. Bayan yaye kuma sai an nemo wa yaro sinadarin ƙarfafa ƙashi daga wasu wurare, kamar miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu idan kifi bai dame shi ba.

A yankin da tamowa ke kwantar da dubban yara duk shekara, cire gyaɗa da madara da ƙwai daga abincin yaro bisa zato kawai haɗari ne da ya fi wanda ake gudu kusa.

Kwano ɗaya, hannu da yawa

Littattafan da aka rubuta kan wannan lalura a Turai da Amurka sun ɗauka cewa gida ya ƙunshi uwa da uba da 'ya'ya biyu, kowa da farantinsa. Gidan Hausa ba haka yake ba.

Yara sa'o'in juna a tire guda suke ci. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya girki zagayawa yake yi, don haka lafiyar yaro ta dogara ga matar da ba ita ta haife shi ba, a ranakun da uwarsa ba ta da iko da tukunya. Idan uwa ta ce a daina sa gyaɗa a miya, ana iya fassara maganar da iyayi ko neman mulki. Idan ta ware wa ɗanta tukunya, a ce tana zargin abokiyar zamanta. A nan ne maganar maigida ke da nauyi, kuma zai fi kyau a ce shi ma ya ji bayanin daga bakin likita, ya kuma zama shi ne mai isar da shi ga iyalinsa da iyayensa.

Kakanni ma wani babi ne. Tsohuwar da ta raini 'ya'ya goma da kunun gyaɗa ba ta taɓa ganin ya cutar da kowa ba, da wuya ta yarda cewa jikanta daban yake, kuma cikin ƙauna za ta ɗan lasa masa don ya saba. Wasu kuma kan danganta kumburin da sanyi, ko shawara, ko sammu, a tafi neman jiƙo. Ga kwanon maƙwabta da ke shigowa da azumi, ga abincin suna da na biki, ga naman Sallah da ake soyawa a tulin mai a barbaɗa masa yaji. A al'adar da mayar da abincin da aka ba ka abin kunya ne, koya wa yaro ɗan shekara biyar ya ce wa babba ba zai ci ba sai ya tambayi mamarsa aiki ne ja.

Amma dole ne a koya masa, domin ranar da ya shiga makaranta da kuɗin tara a aljihu, ko aka kai shi Islamiyya inda yara ke musayar alawa da ƙuli, babu uwa a kusa. Ya kamata malamin ajinsa ya san sunan abincin, ya san alamomin, ya kuma san lambar da zai kira. Bayanan da aka tattara a ƙasashen Yamma sun nuna cewa matasa ne suka fi shiga haɗari, a shekarun da suke fara cin abinci a waje suna kuma jin nauyin bambanta kansu da abokai. Masu ciwon asma da ba a kula da shi yadda ya kamata su ma haɗarinsu ya fi yawa.

Gidaje da dama kan ga cewa ya fi sauƙi kowa ya ci abin da yaron zai iya ci, a bar tsire da kilishi su zama abin da manya ke ci a waje su wanke hannu kafin su shigo. Wannan na rage kuskure, yana kuma hana yaro jin cewa an ware shi.

Idan abin ya faru

Mutuwa sakamakon borin jini na abinci ba ta da yawa, amma a mafi yawan lokutan da ta auku, jinkirin yin allurar adirenalin na cikin dalilai.

Adirenalin ce kaɗai maganin anafilaksis. Ana yin ta ne a tsokar cinya ta gefen waje, kuma idan babu sauƙi bayan minti biyar ana iya ƙara ta biyu. Ƙwayoyin ƙaiƙayi irin su Piriton na kwantar da ƙuraje, amma ba sa buɗe maƙogwaron da ya kumbura, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi. Ɗura wa yaro manja ko madara, kamar yadda aka saba yi wa wanda ya sha guba, ɓata lokaci ne, kuma yana iya shaƙe shi.

Abin da ake so shi ne a kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, ko a zaunar da shi idan numfashi ne ke ba shi wuya. Kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, a faɗa wa ma'aikata abin da ya ci tun daga bakin ƙofa. Ko ya farfaɗo ana son a ci gaba da lura da shi na wasu sa'o'i, domin alamun kan iya dawowa.

A Turai da Amurka iyaye na yawo da allurar adirenalin mai kama da alƙalami, wadda kowa zai iya dannawa a cinya ta saman wando. A 2024 ma hukumomin Amurka sun amince da wani nau'in da ake fesawa a hanci. Sai dai waɗannan alƙaluma ba sa samuwa a yawancin ƙasashen Afirka, inda aka samu kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Adirenalin ta cikin ƙaramar kwalba kuwa ba ta da tsada, tana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana da kyau iyaye su san tun da wuri wane asibiti ko ɗakin shan magani ne a kusa da su ke ajiye ta, su kuma nemi likita ya rubuta musu matakan da za a bi a takarda.

Batun rubuta abin da ke cikin abinci ma ya bambanta. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 da ke tayar da borin jini, Amurka kuma tara, bayan da ta ƙara riɗi a farkon 2023. A Birtaniya an tsaurara doka ne bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 15 a 2016, wadda ta ci burodin da ta saya a filin jirgin sama na Heathrow ba tare da sanin an kwaɓa shi da riɗi ba. Dokar da ake kira da sunanta, Dokar Natasha, ta fara aiki a watan Oktoban 2021. A Najeriya kayan gwangwani da na leda masu rajistar hukumar NAFDAC na ɗauke da jerin abin da aka haɗa su da shi, amma tsire da waina da fura ba su da takarda. Tambayar mai sayarwa ita ce kawai kariya.

Shawarar da aka janye

Shin mafita ita ce a nesanta dukkan jarirai daga gyaɗa? Ƙasashen Yamma sun gwada hakan, kuma ba su ji da daɗi ba.

A 1998 hukumomin lafiya na Birtaniya suka shawarci iyalan da ke da tarihin borin jini da kada su bai wa yaro gyaɗa sai ya shekara uku. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu a shekara ta 2000. Matsalar ba ta ragu ba.

Farfesa Gideon Lack na jami'ar King's College da ke Landan ya lura cewa a Isra'ila jarirai na cin wani abin taɓawa mai gyaɗa da ake kira Bamba tun suna 'yan watanni. Binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ya nuna cewa yaran Yahudawa da ke Birtaniya sun ninka takwarorinsu na Isra'ila sau goma wajen kamuwa da borin jini na gyaɗa.

Daga nan suka ɗauki jarirai 640 'yan wata huɗu zuwa 11, waɗanda ke cikin haɗari saboda suna da matsanancin ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi ko kuma ba sa jituwa da ƙwai. Aka raba su gida biyu, rabi ana ba su abinci mai gyaɗa a kai a kai, rabi an hana su. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa a lokacin da suka cika shekara biyar, kimanin kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka hana sun kamu, a cikin masu ci kuwa kashi uku ne kawai. Da aka sake duba yaran, rahoton 2024 ya nuna kariyar ta bi su har shekarun balaga.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, idan jiki ya fara haɗuwa da gyaɗa ta hanyar hanji yakan karɓe ta a matsayin abinci, amma idan ta tsagaggiyar fata ta fara shiga, sai ya ɗauke ta abokiyar gaba. Tun a 2003 wani bincike a Ingila ya alaƙanta lalurar da shafa wa jarirai man shafawa mai ɗauke da man gyaɗa. Wannan abin lura ne ga masu shafa wa jariri mai ƙurajen fata man ƙuli.

A 2017 Amurka ta juya shawararta baki ɗaya. Abin da likitocin Landan suka kashe shekaru suna tabbatarwa bai yi nisa da abin da matan Hausa suka daɗe suna yi ba, wato fara bai wa jariri kunun gyaɗa da zarar ya isa cin abinci. Haka kuma tun bayan yunwar 2005 a Nijar, lokacin da aka yi amfani da kwaɓin gyaɗa na Plumpy'Nut wajen jinyar dubban yara masu tamowa a yankin Maraɗi, miliyoyin yara a yankin Sahel sun sha irinsa, kuma borin jini bai zama abin da ya kawo wa shirin cikas ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na nan kan shawarar shayar da nonon uwa zalla har wata shida. Daga nan ne ake shigo da sauran abinci, ciki har da gyaɗa markaɗaɗɗiya a kunu da ƙwai dafaffe sosai. Ƙwayar gyaɗa guda-guda ba ta dace da yaron da bai kai shekara biyar ba, saboda tana iya maƙale masa a hanyar iska. Jaririn da ke da matsanancin ciwon fata kuwa, gara likita ya duba shi kafin a fara.

Duk wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Yaron da jikinsa ya riga ya ƙi gyaɗa, ɗanɗana masa ita a gida don ya saba ganganci ne. Akwai hanyar jinya da ake ba da ɗan mitsitsin adadi ana ƙarawa sannu a hankali, amma a ƙarƙashin kulawar ƙwararru ake yin ta, da adirenalin a gefe.

Yawancin yaran da ba sa jituwa da madara, ƙwai, alkama ko waken suya sukan rabu da matsalar yayin da suke girma. Ta gyaɗa ta fi naci, domin kusan yaro guda ne cikin biyar ke warkewa. Hanyar tabbatar da hakan ita ce a kai shi asibiti, a ba shi abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita na tsawon wasu sa'o'i, kafin a ce ya koma cin tire ɗaya da 'yan uwansa.